Otel ko wajen gasasshen kifi? Amsa ga ƙanenmu mai son fita da madam a Garwa ta Kamaru

Salam 'yan gida. Ƙanena da ya yi tambaya jiya da dare, wai ranar haihuwar matarsa ta matso, cikin watan Afrilu, yana so ya fita da ita su biyu kawai, amma ya rasa tsakanin restoran na cikin otel da wajen masu gasa kifi a fili, na ga an cika shi da dariya da sitika babu wanda ya ba shi amsar kirki. Toh bari ni antinka in faɗa maka abin da na sani, tunda sana'ata gato ce, wato kek, kuma duka wuraren biyu ina kai kaya, ina ganin yadda ake ƙarewa. Masu cewa bikin ranar haihuwa ba namu ba ne ku je ku yi da malamai, shi dai abinci zai saya wa matarsa.

Maganar abinci tukuna, kuma anan babu wata gardama, masu gashi sun fi. Giwan ruwa ko karfasa da aka kawo daga tafkin Lagdo ko aka kama a kogin Binuwai, kai da kanka za ka tsaya gaban tire ka nuna wanda kake so, ka duba idonsa ka yi ciniki, matar ta tsattsaga shi da wuƙa ta shafe shi da haɗinta na citta da tafarnuwa ta ɗora kan gawayi tana fifita tana juyawa tana ƙara shafa mai har fatar ta yi ƙamas, a kawo maka da yaji da albasa da soyayyen agade ko miyondo, abincin rogon nan da ake naɗewa a ganye. Wallahi in dai ciki ne kaɗai zancen da na ce ka tafi can ka huta. A otel kifin sau da yawa ya kwana a firiza, an yanka shi fale-fale an zuba masa wata farar miya an ɗora ganye ɗaya a kai, ga kyau a hoto amma ɗanɗanon bai kama ƙafar na gawayi ba.

Sai dai ba cin kifi ka ce za ka je ba, cewa ka yi kana so ta ji daɗi a ranta, kuma daga nan lissafin yake juyawa. Ka tuna yadda za ta fito, ta sha lalle tun shekaranjiya, ta saka leshinta ko shaddar da take ji da ita, mayafi ya sha turaren wuta, sannan ka zaunar da ita kan kujerar roba a bakin hanya, hayaƙin gawayi yana bin kayan, moto yana wucewa yana tada ƙura, ga shi dole da hannu za ta ci tana tsince ƙaya, mai yana bin yatsu har zobe. Matanmu da yawa ko a gidan suna ba sa iya cin abinci a gaban maza, balle inda samari suka cika benci suna kallon duk wadda ta shigo. Za ta ɗan tsakura ta ce Alhamdulillah ta ƙoshi, kai kuma ka ɗauka da gaske take.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba, yawancin masu gashin nan jikin mashaya suke kafa murhunsu, musamman ta wajen unguwar Yelwa, saboda can ne kasuwarsu take da dare. Kiɗa kamar zai fasa kunne, kwalabe a teburin maƙwabta, kana magana tana cewa "na'am? me ka ce?" Otel ma ana sayar da giya, kada wani ya ruɗe ka, bambancin shi ne galibi bar ɗin yana gefe guda kuma za ka iya cewa a ba ka tebur can lungu nesa da shi.

Sannan Afrilu a Garwa fa ƙanena. Zafi yana haura 40 da rana, da dare ma ƙasa ba ta gama hucewa ba, iska in ta taso kamar daga bakin tanda. Da a ce Disamba ko Janairu ne lokacin hunturu, zama a fili yana da daɗinsa, har in ce ku biya ta gada kafin magariba ku leƙa ruwa ko Allah zai sa ku hango dorina. Amma yanzu hoda za ta narke, gato ma haka, mai kirim ba ya jure minti kaɗan a waje, ko a kan moto sai na rufe shi cikin kula da ƙanƙara nake iya kai shi lafiya. Otel akwai kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma in an ɗauke wuta suna tada gurup, wato janareto, wajen kifi kuwa sai fitilar waya.

Kuɗi kam otel zai ci maka ninki biyu ko fiye na abin da za ka kashe a wajen gashi, ruwan gora kaɗai sai ka yi mamakin farashinsa. Ni shawarata ka ware kamar jaka 25 zuwa 30 na sefa don kada ka zauna kana leƙen gefen dama na menu tana lura da kai, in ya yi saura ka ƙara a kado, wato kyautar da za ka ba ta. Ka tambaya tun kafin ranar ko suna karɓar Orange Money ko MoMo. Wajen kifi kuma ka riƙe ƙananan kuɗi, kaga matsalar canji a garin nan ba sai na faɗa maka ba.

Otel ɗin ma yana da nasa ciwon kai. Na farko jira, wani wajen sai ka kumande abu a yi ta zama har hira ta ƙare yunwa ta fara sa mutum fushi, shi ya sa nake cewa ka je da ƙafarka kwana ɗaya kafin ranar, ka ga wajen, ka zaɓi tebur, ka faɗa musu abin da za ku ci da ƙarfe nawa za ku zo, in da hali ka ce kifi sabo kake so a gasa shi guda ba yankakke ba, da yawansu suna yi in an sanar da su da wuri. Na biyu menu da Faransanci da cokali mai yatsu da wuƙa, in ba ta saba ba kada ka bar ta tana kame-kame gaban sarbez mai kawo abinci, ka zaɓa mata abin da ka san tana so, kaza da dankali ko shinkafa, a haɗa da folere, wato zoɓo, mai sanyi shikenan. Na uku bakin mutane, wani ya hango mace da mayafi tana shiga otel da dare gobe labari ya kai unguwar Hausare kafin ku tashi daga barci, duk da matarka ce ta sunna. Ka nemi wanda ƙofar restoran ɗinsa daban take da ta masu kama ɗaki, tun lokacin CAN, gasar kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, da aka yi a farkon 2022 aka gyara otel-otel a garin nan, zaɓi ya ƙaru (lokacin da Tunisiya ta kori Najeriya a filin wasan Rumde Ajiya, 'yan'uwanmu na ƙetare ku yi haƙuri na tuno muku).

Tunda na ambaci ƙwallo, ka duba in ranar ta faɗo Talata ko Laraba da ake buga kofin zakarun Turai, ka nisanci teburin da ke kallon talabijin, don na san ku, ido zai tafi can ita kuma ta yi ta juya cokali.

Wani abu kuma dan Allah, kada ka sa ma'aikata su fito da gato suna tafi suna waƙa duk jama'a su juyo, sai in ka tabbata irin matan nan ce masu son haka. Mafi yawa kunya ce za ta kama su su rasa inda za su sa fuska. Ka ce a ajiye shi a firij, in kun gama ci a kawo shiru da buji, wato kyandir, ɗaya, ƙarami ya isa, saura ku tafi da shi gida wa yara.

Toh in ka bi ta tawa, a wannan watan otel, bayan sallar isha'i, yara a kai su wajen kaka, wayarka a aljihu. Kifin gawayin ka bar shi zuwa wani daren Asabar, ka sayo a naɗe maka ku ci a tsakar gida kan tabarma inda za ta naɗe hannun riga ta ci son ranta. In kuma kana da ta biyu a gida ka fara tara nata kuɗin tun yanzu, don labari sai ya kai mata. Gato kuma ka yi min magana ta gefe, kwana uku kafin ranar nake karɓar oda.