Gwiwata da yadda aka yi mata magani a Jamus

Yaya, ga bayanin ƙafar da kike ta tambaya. Daga kan keke na faɗo, gwiwa a lanƙwashe ta daki kwalta. Ta kumbura kwana biyu, sai na ci gaba da takawa, na ce targaɗe ne. Abin da ya ba ni tsoro shi ne saukowa daga bene, sai in ji kamar ƙafar ba tawa ba ce.

Likitan ƙashi ya kwantar da ni rigingine, ya lanƙwasa gwiwar, ya tura ƙwaurina baya da hannu biyu. Da idona na ga ƙashin ya zame. Ashe jijiyoyi biyu ne suka gitta juna a cikin gwiwa, ta bayan ita ake kira PCL, aikinta hana ƙwauri zamewa baya. Idan zamewar ba ta wuce milimita 5 ba mataki na ɗaya ne, 6 zuwa 10 na biyu, abin da ya haura 10 na uku. Nawa na biyu ne. Hoton ƙashi bai nuna komai ba, don ba ya kama jijiya, sai da aka yi MRI, wato hoton da ke nuna jijiya da tsoka. A gida, Allah na tuba, da an ga hoton ƙashi lafiya lau sai a ce in sha maganin ciwo in ɗaure da bandeji.

Na ɗauka fiɗa za a yi, aka ce a'a. Wannan jijiyar, in ita kaɗai ta ji rauni, takan haɗe da kanta muddin ƙwaurin na zaune a mazauninsa. Sai aka tura ni shagon kayan asibiti, aka auna ƙafata, aka ɗaura min wani abin gwiwa mai ƙarfe da matashi a bayan ƙwauri, yana tokare shi gaba. Mako 12 na yi da shi, har barci. Ya goge min fata, ga ƙaiƙayi in an yi zafi. Inshorar lafiya ce ta ɗauki kusan duk kuɗin, wanda a gida daga aljihu ne, in ma an samu kayan.

Mai gashin ƙashi kuwa ba ta da wasa. Tsokar gaban cinya take sa ni ƙarfafawa, ta hana ni duk motsin da zai sa tsokar bayan cinya aiki a farko, don ita ke janyo ƙwauri baya. Waɗanda aka yi wa fiɗa, musamman masu raunin jijiya fiye da ɗaya, sukan yi wata 9 zuwa 12 kafin su koma wasanni.

Inda Jamusawa suka gaza shi ne jira, sai da na yi makonni kafin layin MRI ya zo kaina, kuma ba mai leƙo ka ya ce sannu. Ni da sanduna na muka yi jinyar. Yanzu ina sauka daga bene ba tare da na riƙe ƙarfe ba, tsuguno ne dai har yanzu da saura.