Fitilar birkin Fijo 504 ɗina da tsohon da ya gano ciwonta

Wani ɗan kabu-kabu ne ya fara gaya mini. Da magariba ce, kusa da Kasuwar Dole a Damagaram, amalanken jaki ya shigo gabana na taka birki, sai na ji ƙiii a bayana. Ya zagayo ta tagata yana haki, ya ce: "Alhaji, ba ka da fitilar birki, saura ƙiris in shige ƙarƙashin motarka." Na ba shi haƙuri, amma raina bai yarda ba, don ko da safiyar ranar na sa yarona ya tsaya a baya na taka, ya ce mini ta kama. Ashe ni da ɗan kabu-kabun kowa na da gaskiya, kuma sai da na yi kusan wata guda ina zarya kafin in san dalili.

Motar Fijo 504 ce, gadon mahaifina, haɗin Kaduna. A 1968 irinta ta fara fitowa a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, kuma ko bayan da Faransawa suka bar ƙera ta, kamfanin Kaduna ya ci gaba da haɗa ta har aka shiga shekarun 2000. Da ita marigayi ya riƙa bin hanyar Matamaye zuwa Daura da Kano. Inji lafiya lau, ba ya shan mai fiye da ƙima. Wayoyinta ne suka tsufa tare da ita.

Ga yadda ciwon yake. Da rana in na taka birki, fitilar dama ta kama sosai, ta hagu ta yi ja-ja kamar garwashin da ya kusa mutuwa. Da dare kuwa, in na kunna ƙananan fitilu sannan na taka, ta hagun sai ta ɗauke gaba ɗaya. In na ba da siginar hagu, ruwan lemun ba ya ƙiftawa shi kaɗai, jar fitilar ma sai ta shiga rawa, wannan ta kama waccan ta mutu, kamar suna ba juna aron wuta.

Mai gyaran farko da na kai wa, ba zan faɗi inda yake ba, saurayi ne mai saurin hannu. Bai ce in taka birki ba ma. Ya canza ƙwan fitila biyu, ya canza fizibil, wato ɗan abin nan da ke tsinkewa in wuta ta yi yawa, ya ce in je. Bayan kwana biyu na dawo, ya ce ai santiral ce, wato ɗan akwatin nan da ke sa sigina ƙiftawa, ya sayar mini da sabuwa. A zuwa na uku ya ce in bar tsofaffin ƙwayaye in sa na zamani, LED, ba sa ƙonewa. Da aka sa su a sigina sai ƙiftawar ta tsaya cak, fitila ta kama ta zauna. Jika tara suka tafi a wannan zaryar, ciwo na nan inda yake, har ya samu ƙani.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jami'a shi ma ya kawo tasa. Ya gani a intanet cewa in fitilar birki ta gefe guda ta mutu, makunnin siginar da ke jikin sitiyari ne ya lalace, a kwance shi. Maganar ba ƙarya ba ce, amma ta tsofaffin motocin Amurka ce, inda zare ɗaya a cikin jar fitila ke yin aikin birki da na sigina, wutar birkin kuma dole ta ratsa ta makunnin sigina kafin ta isa baya. Fijo ba haka aka ɗaura ta ba, siginarta ruwan lemu ce mai ƙwanta daban da wayarta daban. Allah ya taimake ni ban bari an taɓa sitiyarin ba.

Wani direban tasha ne ya kwatanta mini tsohon, can wajen Zango. Rumfar kwano ce, benci ɗaya, tulin tsofaffin dinamo a kusurwa, da yara biyu masu koyon aiki. Na gaishe shi na fara zuba labari, ya ɗaga hannu ya ce: "Ɗana, bari motar ta faɗa da bakinta. Shiga ka taka." Na taka. "Kunna ƙananan fitilu. Taka kuma." Na taka. "Sigina hagu." Bai fi minti biyu ba ya ce in fito, mas ce, wato hanyar komawar wuta ta jikin ƙarfen mota.

Kayan aikin da ya ɗauko ya ba ni dariya: ƙwan fitila ɗaya da aka liƙa wa waya biyu, ɗaya da ɗan maƙali, ɗaya da tsinin ƙusa. Ya buɗe kofur, wato ma'ajiyar kaya ta bayan mota, ya cire murfin fitilar hagu, ya maƙala waya ɗaya a jikin ƙarfen mota inda ya kankare fenti, ya sa yaronsa ya taka birki, ya dangwala tsinin a jikin gidan ƙwan. Ƙwan gwajin ya kama. Ya dube ni ya ce: "Ka gani? Nan wurin bai kamata a samu wuta ba. Wutar da ta gama aiki ce ta rasa hanyar komawa gida." Ya ɗauki guntun waya ya haɗa gidan ƙwan da jikin mota kai tsaye, sai fitilar birkin ta haska har ta kashe mini ido.

Bayanin da ya yi mini a tsaye, shi ne abin da na fi jin daɗin biyan kuɗinsa. A mota, waya ɗaya ce ke kawo wuta daga batir zuwa fitila, komawarta kuwa ta jikin ƙarfen motar ne, shi ne mas. Jar fitilar tawa ƙwai ɗaya ne mai zare biyu a ciki: mai ƙarfin wat 21 na birki, da mai wat 5 na dare, kuma gindi ɗaya suke tarayya. In gindin ya rabu da mas, wutar birki sai ta bi ta babban zaren, ta juyo ta ƙaramin, ta bi wayar fitilun dare ta je ta nemi mas a wasu ƙwayayen. Tafiyar ta yi nisa, shi ya sa hasken rana yake ja-ja. Da dare kuma wayar fitilun daren ita ma ɗauke take da bolt 12 ɗinta, to wuta ta nan wuta ta can, babu mai matsa wa wani, sai ƙwan ya mutu. Rawar da jar fitila ke yi da sigina ita ma wannan ce, tunda gidan fitilar duka mas ɗaya suke sha. Yarona da rana ya duba, ɗan kabu-kabu da magariba ya gani.

Da ya kwance kusoshin gidan fitilar, dalili ya fito fili. Robar da ke tare bakin gilashin ta bushe ta tsattsage, zafin Damagaram ba ya barin roba ta yi tsawon rai. Ƙurar hunturu ta shiga ta kwanta, ruwan damina ya bi ta, suka yi laka, laka ta zama tsatsa daidai inda wayar mas ke ɗaure. Ya goge wurin da takardar yashi har ƙarfe ya yi fari, ya yanke kan wayar da ya yi kore ya sa sabon kai, ya ƙara wata wayar mas ta biyu zuwa jikin kofur, ya ɗaure, sannan ya shafa ɗan giris a sama don kada ruwa ya sake samun wurin zama.

Bai tsaya nan ba, ya ce a buɗe ta dama ma. A nan ya tsinci aikin saurayin nan: ƙwai mai gindi ɗaya an cusa shi da ƙarfi a gidan mai gindi biyu. Ƙwan 21/5 yana da ƴan ƙusoshi biyu a gefe waɗanda ba su daidaita tsawo ba, an yi su haka ne don kada ya shiga a juye ko a gidan da ba nasa ba, amma hannu mai ƙarfi ba ya jin wannan. Irin wannan cushen yana iya haɗa wayar birki da ta dare, ka taka birki fitilun gaba su kama. Ya jefar da shi. Ya duba fizibil ya tarar an sa wanda ya fi ƙarfin wurin, ya mayar da daidai, yana cewa fizibil mai gadi ne, in ka sa wanda ba ya mutuwa to waya ce za ta mutu a madadinsa, wani lokaci har da motar.

Kan ƙwayayen LED kuwa bai zage su ba. Ya ce santiral irin ta dā da zafi take aiki: ƙwai biyu masu wat 21, gaba da baya, su ke jan wutar da ke ɗumama ɗan ƙarfen ciki ya buɗe, ya huce ya rufe, shi ne ƙas-ƙas ɗin da ake ji. LED ba ya jan abin da zai ɗumama komai. Mai son su sai ya sayi santiral ta lantarki da aka yi dominsu. Ni dai na ce a mayar mini da na gargajiya, tsohuwar santiral ɗina ma da na ajiye a aljihun mota aka mayar, ta kama aiki kamar ba a taɓa tuhumarta ba.

Jika uku ya karɓa, har da kuɗin ƙwayaye. Na ƙara wa yaran ɗari biyar na shayi.

To amma kada wani ya je da zaton zai tarar da aljanna. Sai da na yi zuwa uku kafin ya taɓa motata. Ranar farko adaidaita biyar na gabana, ranar biyu ya tafi jana'iza bai bar saƙo ba, kuma ba ya ɗaga waya. Babu inuwar da mai jira zai fake in ba gindin bedi ɗaya ba, shi ma masu shayi sun riga ka. Magana kuma ba ya tauna ta, da na ce masa an riga an canza santiral sai ya ce: "Ciwon kai aka yi wa ƙaho a ƙafa." Abin da ya fi damuna shi ne wata waya a ƙarƙashin kafet ɗin kofur da ya tarar ta goge: murɗa ta kawai ya yi ya naɗe da salatif, bai yi mata dalma ba, ya ce babu kuran, wato wutar lantarki, a unguwar tun safe. Gaskiya ne babu, amma na san salatif da zafin watan Afrilu ba sa shiri, sai na koma a gyara ta da kyau.

Makunnin birki da ke saman feda bai canza shi ba, ya ɗan matso da shi ne kawai, don ya lura sai na taka da nisa fitila ke kamawa. Yanzu da ƙafa ta taɓa take haskawa. Wata biyu ke nan, na je Mirya sau da yawa, na yi Magarya da dare sau ɗaya a kan hanya mai girgiza, na tsaya a shingen jandarma suka sa na taka suka duba, ba abin da ya motsa.

Robar gilashin ce har yau ban samu ba. Ya yanko mini ta wucin gadi daga tsohon tub ɗin taya, ya ce za ta kai ni damina amma ba za ta fitar da ni ba. Na ba direban tashar nan sautu, ya ce zai duba mini a Ƙofar Ruwa in ya shiga Kano mako mai zuwa.