Gargaɗi ga masu kifin ado a Kaduna: ku yi hattara da mai sayar da "ciyawar ruwa"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani da ke tallan tsirrai da duwatsun ƙawata akwatin kifi a Facebook da WhatsApp. Ba shi da shago, sai ka tura kuɗi ya aiko ɗan acaɓa, ni a Kawo aka kawo mini nawa. Don Allah kada ku saya.

Hotunansa suna da kyau, shi ya ja ni. Na biya naira 18,000, ya aiko tsirrai uku, da ƙullin iri da ya ce zai shimfiɗa kore a ƙasan akwatin kamar darduma, da fararen duwatsu da wasu shuɗaye.

Irin ya tsiro cikin kwanaki, yara suna ta murna. Kafin wata ya cika duk ya ruɓe, ruwa ya yi duhu yana wari. Tsirran ukun ma ashe ba na ruwa ba ne. Ɗaya irin gorar adon nan ce da ake sakawa a kwalba a falo, Dracaena, wadda saiwarta ke jure ruwa amma ganyenta na buƙatar iska. In ka nutsar da ita gaba ɗaya, a hankali take mutuwa. Ruɓaɓɓen ganye kuwa yana ƙara amoniya a ruwa, ita ke ƙona kifi. Kifina shida suka tafi a mako guda, har da wanda ɗiyata ta raɗa wa suna. Wannan ne ya fi yi mini ciwo, ba kuɗin ba.

Dabararsa ke nan: kayan ba sa nuna halinsu sai bayan makonni, lokacin ya riga ya toshe lambarka.

Duwatsun kuma, shuɗayen fenti ne, ya fara saɓulewa. Fararen na ɗiga musu ruwan khal suka yi kumfa, alamar dutsen farar ƙasa ne da ke narkewa yana canza ruwan. Baƙin dutsen da ake fasawa a yi gini da shi ba ya haka, wanke shi kawai za ka yi sosai, ban da sabulu.

Tsiron ruwa na gaskiya galibi ana sayar da shi ne a jiƙe. Ku nemi Anubias, asalinsa ma nan yammaci da tsakiyar Afirka ne. A jikin dutse ake ɗaure shi da zare, ba a binne gindinsa. Ko kainuwarmu ta isa ta yi wa kifi inuwa, in an wanke ta an keɓe ta a bokiti tukuna.

Duk wanda za ku saya a wurinsa, ku ce ya faɗi sunan tsiron, ya nuna muku akwatin da ya girma a ciki, ku gani da ido kafin ku biya. Ni da na tambayi wancan mutumin sunan tsirransa, cewa ya yi "na waje ne, Alhaji", daga nan bai sake ɗaukar wayata ba.