Shafin toPhonetics a ajin Turancin yaranmu na Makka

Ina koyar da Turanci da yamma ga 'ya'yan Hausawa mazauna Makka, yaran da Larabci ne harshensu na makaranta da na titi, Hausa kuma ta cikin gida. Abin da ya fi ba su wahala shi ne furuci, domin Turanci yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai 44 a lafazin Ingila, kuma rubutun ba ya nuna wa yaro yadda zai faɗi kalma. Wannan ne ya kai ni ga shafin toPhonetics, wanda ke mayar da rubutun Turanci zuwa alamomin furuci na duniya da ake kira IPA, waɗanda aka fara bugawa a 1888.

Aiki da shi ba wuya, kuma kyauta ne. Ana liƙa rubutu, a zaɓi lafazin Birtaniya ko na Amurka, sai furucin ya fito. Na fi son tsarin da ke jera layin Turanci da layin furucinsa a ƙasa, domin shi nake bugawa a takarda in raba wa ɗalibai.

Amfaninsa na gaske a wurina ya bayyana ne ranar da wata yarinya ta yi ta karanta think kamar sink. Na nuna mata alamar θ, na ce wannan ita ce ث da malaminta na tajwidi ya koya mata, mai fita daga kan harshe da gefen haƙoran sama. Nan take ta faɗi kalmar daidai, kuma haka muka yi da ð da ذ a kalmar this. Yaron da ya san makhrajin haruffa ya riga ya saba da tunanin cewa kowane sauti yana da mafitarsa, kuma mu Hausawa ba baƙin waɗannan alamomi ba ne, tun da ɓ da ɗ na bokonmu suna cikinsu.

Akwai aikin da ya rage wa malami. Kalma irin read tana da furuci biyu gwargwadon lokacin aikatau, saboda haka nakan bi kowane layi da idona kafin in buga. Sautin p kuwa, wanda Larabci ke ja zuwa b, Hausa kuma ke ja zuwa f, ganin alamarsa kaɗai ba ya gyara shi. Nakan sa yaro ya riƙe takarda gaban leɓɓansa yana maimaita pan har iskar bakinsa ta kaɗa ta.