Mai gyaran da ya hana ni sayen wayar talabijin mai tsada

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu ta tambayata yadda kallon ƙwallo yake a nan Jamus, zan zo kanku, amma sai na fara ba ku labarin wani dattijo mai gyaran dish, domin abin da ya yi mini har yau bai bar raina ba.

Ranar 7 ga Janairu, 2025, gidan talabijin na ARD ya daina watsa tashoshinsa da tsohon hoto na SD ta tauraron ɗan'adam, sai sabon hoto mai tsabta na HD kaɗai. Tsohuwar risibar da na tarar a ɗakin da na kama haya ba ta ɗaukar HD, tashoshin suka ɓace. Na sayo sabuwa, sai hoton ya riƙa kakkaryewa yana tsayawa cak. Gidan bene ne, dish ɗaya ne a kan rufi yana fuskantar tauraron Astra, shi ke raba wa kowane ɗaki. Mai kula da gidan ya haɗa ni da mai gyara, aka yanka mini rana can gaba. Nan ba a buga wa mutum waya ya hau babur ya iso yanzu-yanzu, kuma tahowarsa kaɗai ma kuɗi ce.

Amma da ranar ta zo, lokacin da ya faɗa bai wuce ba. Bai hau rufi yana juya dish yana kiran "ya kawo?" ba. Na'urar awo ya jona a bango, ya duba ƙarfin sigina, ya gano kan wayar da ke kawo sigina daga dish ne ya yi tsatsa. Ya yanke, ya sa sabon kai, hoto ya fito tar. Da ya buɗe jakarsa na hango wata wayar HDMI, wato wadda ke kai hoto daga risiba zuwa talabijin, mai kan zinariya, an rubuta 8K a jikin kwalinta, yuro 45. Na ce ita nake so. Mutumin nan ya girgiza kai, ya zaro wata baƙa mara ado ta yuro 6 ya miƙo mini. Ya ce lambobi ne ke bi ta cikin wayar, ko su iso ko kada su iso, kuma a tsawon mita biyu hoton da mai araha za ta ba ni shi mai tsadar za ta ba ni. Kayansa ne fa, ribarsa ce ya ture da hannunsa! Bai tsaya nan ba, ya ce kada rubutun 4K da ke jikin talabijin ɗina ya ruɗe ni, domin gidajen talabijin na ARD da ZDF hoto mai ɗigo 1280 a kwance, 720 a tsaye suke turowa ta tauraro, sauran ɗigon talabijin ce ke cike su da kintace.

Wallahi bayan ya fita gida na tuna, raina ya ɓaci. Mu mutum zai tara kuɗi ya sayo talabijin inci 65, a kira maƙwabta su taya murna, sannan a jona ta da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Rawayar nan ba ta iya ɗaukar abin da ya wuce tsohon hoto, ɗigo 720 a kwance, 576 a tsaye, wato ɗigo dubu 400 da 'yan kai. Cikakken HD ɗigo miliyan 2 ne, 4K kuwa ya haura miliyan 8. To ka baza dubu 400 a kan allon da aka yi don miliyan 8, me za ka gani in ba dishi-dishi ba? Lambar bayan rigar ɗan wasa ma sai an yi gardama a kanta. Kuma kowane wata ana biyan kuɗin tashoshin HD, risibar tana da ramin HDMI a bayanta, ƙura ce kawai ta cika shi. Mai haɗawa ya sani, mai shago ya sani, babu wanda zai buɗe baki. Wani ma sitikar 4K zai nuna maka a jikin allon da ko cikakken HD bai kai ba, ya rantse maka da Allah. Mu ma masu saye da laifinmu, girman allo kawai muke tambaya. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ga kuma ɗabi'ar miƙe tsohon hoto sai ya cika allo, ƙwallo ta koma kamar ƙwai, kowa ya zama gajere mai faɗi, wai don kada a ga baƙi a gefe.

Kada ku ɗauka nan aljanna ce. Kowane gida sai ya biya yuro 18.36 duk wata na kuɗin kafofin watsa labarai, ko kana da talabijin ko ba ka da ita, takarda za ta same ka. Tashoshi masu zaman kansu irin su RTL da ProSieben, in kana son HD ɗinsu ta tauraro sai ka biya kuɗin wani tsari da ake kira HD+ daban. Wasannin Bundesliga an raba su tsakanin kamfanonin Sky da DAZN, wanda ke son ganin duka sai ya biya wuri biyu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dish nawa na kaina: na nemi in kafa ƙarami a baranda ko na kamo tashoshin Larabawa da muka saba da su, mai gida ya ce bai yarda a huda masa bango ba. Fina-finan Hausa da labaran gida sai dai ta intanet. Abin da zan yaba musu, in ka sayi kaya ta intanet kana da kwana 14 ka mayar ba sai ka faɗi dalili ba, kuma doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin kaya har shekara 2.

Ƙwallon kuwa, hoto garau, har ciyawar fili kana ƙirgawa, wuta ba ta ƙiftawa. Amma ni kaɗai nake kallo, in aka ci ƙwallo sai in danne ihu saboda maƙwabta, bayan ƙarfe 10 na dare ba a son hayaniya. Ina kewar gidan kallon unguwarmu, da bencinsa da ƙarar janareta da musun 'yan Arsenal da 'yan Chelsea da ba ya ƙarewa.

Shi ya sa nake roƙon masu gidajen kallo musamman, tunda kuɗin mutane kuke karɓa: ku leƙa bayan risiba, in akwai ramin HDMI ku cire rawayar nan, ku shiga saiti ku mai da fitar hoto 1080, siffar allo 16:9, sannan ku nemi lambar tashar da aka rubuta wa HD, domin sau da yawa tasha ɗaya tana zuwa iri biyu. Wanda risibarsa ba ta da ramin kuwa, kada ya ɓata kuɗinsa a kan sabuwar talabijin tukuna, risibar zai fara canzawa.