GARGAƊI ga masu sayen gida a Amurka: kada ku biya kuɗin wasiƙar nan

Jama'a, raina a ɓace yake. Dala 89 wasu mutane suka ci mini ta wata wasiƙa mai kama da ta gwamnati. Da na ƙanwata da na wani dattijo da muke sallah tare, dala 267 ke nan, kuma da bakina na ce musu su biya. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Mun sayi gida a jihar Ohio, ba a daɗe da kammala ciniki ba sai ga wasiƙa. Sunana cikakke, adireshin gidan, lambar filin, ranar da aka yi rajista, har kuɗin da na saya. Duk daidai! An zana akwati da jan layi, wai in aika dala 89 kafin ranar kaza don a ba ni kwafin takardar mallakar gidana. Ku gaya mini, wa zai ga lambar filinsa a takarda ya ce ƙarya ce? Ni ba yaro ba ne, na daɗe a ƙasar nan, duk takardar da na sa wa hannu sai na karanta. Na tsaya a bakin akwatin wasiƙa na karanta, na shiga gida na sake karantawa, na ce wannan daga gwamnati take. Har yanzu ina ganin hannuna yana rubuta cek ɗin nan.

Ƙanwata ma tata ta riga tawa zuwa, ajiye ta ta yi. Da na biya ne na kira ta na ce, ke, kada ki yi wasa da takardar gida. Alhaji kuwa daga baya ne, a masallaci ya nuna mini tasa, ya ce, ɗana duba mini. Na duba na ce Baba a biya. Dattijo mai cin fansho, dala 89.

Sai da na je ofishin rajistar filaye da gidaje na gundumarmu kan wata buƙata, matar da ke wurin ta ce kwafi dala 2 ne kowane shafi, kuma ana ganinsa kyauta a intanet. Dala 2! Takardar asali ma kamfanin da ya kammala mana ciniki ne ke aiko ta bayan rajista, kuɗinta na cikin abin da na riga na biya. Ashe rajistar gida a buɗe take ga kowa, daga nan mutanen nan ke kwashe sunayen sababbin masu gida. Can ƙasan wasiƙar, da rubutu kamar ƙafar tururuwa, sun ce su ba hukuma ba ne. Wannan shi ne mafakarsu. Allah ya isa.



In ta zo muku, ku yaga. Ku kira ofishin gundumarku kai tsaye, ku tambaya ko suna da tsarin sanar da mai gida kyauta in an shigar da takarda da sunansa. Ni na kai ƙara ofishin Antoni Janar na jiha, kuma dala 89 ta Baba daga aljihuna zan mayar masa ranar Juma'a.