Kangayen Sukhothai ko Dutsen Khao Luang?

Masu shirin ziyartar lardin Sukhothai na ƙasar Tailan sukan tambaye ni wanne ya fi, kangayen tsohuwar masarautar ƙarni na 13 ko hawan dutsen Khao Luang.

Kangayen, waɗanda UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 1991, a fili suke shimfiɗe, kuma da keken haya mai arha ake zagaya su, har a tsaya a haikalin Wat Si Chum gaban gunkin Buddha mai tsayin kusan mita 15, wanda ni kaina girmansa ya ratsa ni. Dutsen kuwa ya kai kusan mita 1,200, hawansa na cin sa'o'i, ga santsi da damina.

Kangayen sun dace da dattawa da masu iyali, dutsen kuma da mai juriya da ke son kwana a tanti.